Digirin Turanci: In Ci Gaba Ko In Sauya Fanni?

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu sauraron wannan shiri, ina neman shawararki kan lamarin karatuna, don abin ya fara hana ni barci.

Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji biyu a Sashen Turanci. Ba tura ni aka yi ba, ni na zaɓa da kaina. Sai dai a gidanmu babu wanda yake ɗaukar abin da nake yi a matsayin karatu. Yayana, wanda ke ɗauke da nauyin makarantata tun rasuwar mahaifinmu, ya zaunar da ni ya ce: "Turancin da kowa ke yi shi za ki ɓata shekara huɗu a kai? In kin gama wa zai ɗauke ki aiki?" So yake in koma Shari'a ko Kimiyyar Kwamfuta, ko da zan yi asarar shekara, ya ce shi zai biya. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba. Mutum ne mai lissafi, kuma gumin nasa ne.

Abin da na kasa fahimtar da shi shi ne ba koyon magana muke yi ba. Turanci haruffa 26 gare shi, amma sautukansa sun kai kusan 44, kuma sai mun iya rubuta kowanne da alamarsa ta musamman. Malaminmu kan sa mu riƙe takarda a gaban baki mu furta "p", mu ga yadda iska ke kaɗa ta a farkon kalma, a wani wurin kuma ko motsi ba ta yi. Muna warware jimla gaɓa-gaɓa har mu gano inda ma'ana ta karkace. Mun karanta yadda mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066 ta cika harshen da kalmomin Faransanci, da dalilin da ya sa Turancin Chaucer, mawaƙin Ingila na ƙarni na 14, yake wa Baturen yau wahala. A ɓangaren adabi kuwa, shafi ɗaya za a ba ki a ce ki nuna abin da marubuci ya faɗa da abin da ya ɓoye, kuma ki kare ra'ayinki da hujja daga cikin shafin. Yanzu ko sanarwar hukuma na karanta sai na hango inda aka yi wasa da hankalin mutane. A ganina wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Na kawo masa misalin Chinua Achebe, wanda ya shiga jami'a don karatun likita, ya bari ya koma Turanci da Tarihi har ya rasa tallafin da ake ba shi, da Wole Soyinka da ya karanta Turanci a Jami'ar Leeds ta Ingila ya ci kyautar Nobel a 1986. Sai ya yi dariya ya ce, "To, Achebe nawa aka yi?" Ban samu amsa ba.

Maganarsa kuma ta fara shiga raina. Ayyukan da aka ce namu ne, wato jarida, gyaran rubutu, fassara da hulɗa da jama'a, ba kasafai ake cewa sai mai digirin Turanci ba. Kowa na iya nema, gogewa ake tambaya. Ga kuma na'ura. Tun da ChatGPT, mai yi wa mutum rubutu a kwamfuta, ya fito a ƙarshen 2022, wasiƙar da za ta ci mini rabin yini cikin daƙiƙu yake zubo ta, ba kuskuren nahawu ko ɗaya. Ina iya gane rubutunsa, sulɓi gare shi ba gishiri, amma shin mai biyan albashi ya damu da wannan bambancin? Koyarwa ita ce hanyar da kowa ke nuna mini. Ban raina ta ba, sai dai na ji cewa digirin kaɗai ba ya isa a wurare da yawa, sai an haɗa da shaidar koyarwa, kamar CELTA ta Cambridge ga mai son koyar da waɗanda Turanci ba harshensu ba ne.

Malama, ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Digirin Turanci shi kaɗai yana ciyar da mai shi a wannan zamani, ko dole in haɗa shi da wata sana'a tun ina makaranta? In haka ne, wace ce ta fi dacewa da shi? In kuma sauyawa ce mafita, me zai faru da mai karatun abin da ba ta so don farin cikin wani?

Sannan ta wace hanya zan yi wa Yaya bayani ba tare da ya ga kamar na yi masa butulci ba? Ya ba ni zuwa ƙarshen wannan zangon karatu in yanke hukunci, kafin a rufe karɓar takardun sauya sashe.

Allah Ya ƙara basira.

Ƙanwarki,
Wata mai sauraro