Masu walda na ƙarewa a Zariya, waɗanda suka rage kuma ba su da takarda

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sana'armu ta walda, don abin da nake gani a Zariya ya fara tsorata ni.

Duk wanda ya zaga Sabon Gari ko Tudun Wada ko hanyar Samaru zai ga shagunan walda birjik, sai ya ɗauka mun yi yawa, amma ya leƙa ciki ya duba wa ke riƙe da sandar walda, mafi yawa masu furfura ne, yaran shagon kuma yau suna nan gobe babu. A da uba ne zai kamo hannun ɗansa ya kawo maka ya ce ga amana, yaro ya yi shekaru yana goge tsatsa yana yanka ƙarfe kafin ma a bar shi ya taɓa inji. Yanzu kuwa da ya fara iya ɗiga walda sai ya tafi ya karɓi Keke Napep ko acaɓa, wasu kuma mayinin a waya ya ɗauke musu hankali. Ni gaskiya ba na ganin laifinsu sosai, yaron da zai wuni a shago babu wuta, a tashi da yamma ko na abinci bai samu ba, me za ka ce masa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tayar da janareto ya zama tashin hankali, get ɗaya za ka haɗa amma kuɗin mai ya cinye ribar, ga ƙarfe da fenti kullum farashi na hawa, ga ciwon ido, wanda hasken walda ya taɓa kamawa ya san yadda ake kwana kamar an watsa maka yashi a ido, saboda yaranmu da tabarau na kasuwa suke aiki.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne maganar takarda, wato takardar shaidar ƙwarewa a sana'a. Bututun gas na AKK da aka ƙaddamar a 2020, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne, kuma kowace gaɓa walda ce. Irin wannan aikin ba a ɗaukar mutum don an ce ya iya, sai an gwada shi a kan bututun da aka kafe a karkace ya zagaye shi da walda ba tare da an juya masa ba, sannan a haska ɗinkin da na'ura a ga ko akwai rami a ciki. Wallahi muna da mutane a garin nan masu hannun da in an ba su horo na 'yan watanni za su ci wannan gwajin, amma ba wanda ya taɓa nuna musu hanya, sun ƙare a ƙofa da taga da tankin ruwa. A Amurka ma ƙungiyar masu walda tasu na kukan suna buƙatar sababbin ma'aikata sama da dubu 300 cikin 'yan shekaru, kuma duk inda za ka je takardar dai za a fara tambaya.

Kuma fa ba sabon abu nake roƙo ba. A Kaduna an haɗa kai tsakanin Kaduna Polytechnic da masu sana'a na kasuwar Panteka, ana duba abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da sana'a hedikwatarta na Kaduna, ga ITF, hukumar horar da ma'aikata kan sana'o'i, tun 1971 aikinta ke nan. Toh Zariya da ake kira garin ilimi, ga ABU ga Nuhu Bamalli Polytechnic, me zai hana a buɗe mana irin wannan, a riƙa karatu da yamma ko ƙarshen mako, kuma a yi bayani da Hausa tunda yawancinmu allo muka yi.

Ina kira ga ciyamomin Zariya da Sabon Gari da 'yan majalisarmu, maimakon rabon injin walda lokacin kamfen wanda washegari ake sayarwa, a ware wa masu walda wuri guda mai taransifoma tasa, a biya wa yaranmu kuɗin gwaji. Mu ma ogogin shago mu riƙa ba yara kaso a kowane aiki.

Na gode.

Naku,
Wani mai walda,
Tudun Wada, Zariya