Godiya ga Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, Kaduna

Zuwa ga Babban Sakatare da dukkan ma'aikatan hukumar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin alherin da aka yi mana a fili aka yi shi, bai kamata godiyarsa ta tsaya a cikin ruga ba. Ni ɗan makiyayi ne, na fara karatu a makarantar makiyaya, yau kuma ina aikin lafiya a matakin farko, ina zagaya rugage.

Tun da aka kafa hukumarku a 1989 da doka mai lamba 41, bisa harsashin da aka aza lokacin da marigayi Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilimi, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya kuka gane wanda ya gagari na gabanku: Bafulatani ba zai bar saniyarsa don allo ba. Sai kuka ɗauki makarantar kuka bi mu da ita. Aji na tanti da ake naɗewa idan an tashi, lokacin darasi da aka daidaita da lokacin tatsa da fita kiwo, littattafai da Fulfulde don yaro ya fara da harshen da yake ji a bakin innarsa. Dattawanmu da farko sun ja baya, kuma ba laifinsu ba ne, domin wanda ya san zamanin jangali ba ya sakin jiki da mai biro da takarda yana tambayar yawan 'ya'yansa. Malamanku suka yi haƙuri, suka bi ta hannun arɗo, suka zauna kan tabarma ana shan fura, har aka yarda da su. Shirin rediyonku na Don Makiyaya a Ruga ma ya yi aiki, domin makiyayi ba ya rabuwa da rediyonsa ko a tsakiyar daji.

Abin da ya fi sa ni rubutu shi ne abin da nake gani a wajen aikina. Da damina ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Mu muke ba da na ranar farko, sauran kwana biyun uwa ce za ta bayar a gida. A rugar da babu mai karatu, sau da yawa a nan maganin yake tsayawa, ko a raba shi da ɗan kishiya, ko a adana don wata rana. A rugar da akwai yarinya ko ɗaya da ta shiga ajinku, ita ce ke riƙe da katin, ita ke tuna wa iyaye mata ranar da za mu dawo, idan an yi ƙaura kuma ta san a nuna katin a asibitin da aka tarar. Haka batun dafa madara. Bakkale, wato ciwon da ke sa saniya ɓari, da tarin fuka na shanu suna kama mutum ta ɗanyar madara, kuma na sha faɗa ba a ji ba, amma idan ɗan gida ya faɗa da Fulfulde, ya ce a makaranta aka koya masa, sai ka ga an ɗora tukunya. Lokacin da aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, na tuna samarin rugage da suka riƙa yi wa masu ɗigo jagora a burtali, suna yi musu tafinta. Da yawansu ɗalibanku ne.

Ina roƙonku abu biyu, kuma na san ba duka ne a hannunku ba, tunda jihohi da ƙananan hukumomi ke ɗaukar malamai. Rashin tsaro ya tarwatsa rugage da dama, yaran da suka gudu gefen gari suna bukatar a bi su da aji kamar yadda aka bi mu. Sannan 'yan mata: mafi yawansu ba sa wuce firamare. Matan ruga sun fi sakewa su faɗa wa mace 'yar uwarsu ciwon da ke damunsu, musamman na ciki da haihuwa, ni kuwa akwai ɗakin da ba ni da ikon shiga. Idan aka samu hanyar tallafa wa wasu daga cikinsu har makarantar koyon aikin ungozoma, za a ceci matan da a yau sai naƙuda ta yi tsanani ake ɗora su a kan babur a nufi gari.

Ku isar da gaisuwata ga malaman da ke kwana a daji ba wuta ba ruwan famfo. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hukumar albarka, amin.

Naku,
Tsohon ɗalibin makarantar makiyaya,
daga Ladduga, ƙaramar hukumar Kachiya, jihar Kaduna.