Maɓalli ɗaya ba siffa ɗaya gare shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu zana fuskar manhaja, musamman matasan da suka fara koyon Figma, manhajar da muke yin zanen da ita, suna turo mini aikinsu in duba. Kusan duk wanda ya turo, abu ɗaya nake gani. Shafukan sun yi kyau, launi ya zauna, rubutu ya daidaita, amma duk an zana su a yanayin da komai ke tafiya daidai: intanet na gudu, bayanai sun cika, mai amfani bai yi kuskure ba. Alhali manhaja ba ta daɗewa a wannan yanayi.

Ni ma a nan na taɓa yin tuntuɓe. Na zana wani fom na rajista, na ba maɓallin "Aika" siffa ɗaya tak. Mai rubuta manhajar ya bi zanena sak, ba shi da laifi. Da aka sake ta, mutum zai danna, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta yi jinkirin daƙiƙa uku ko huɗu, maɓallin kuwa ko motsi bai yi ba, sai ya sake dannawa, ya ƙara dannawa. Muka wayi gari sunan mutum ɗaya ya shiga sau uku. Kwana biyu muka yi muna tsince maimaici da hannu, kuma har yau abin yana damuna, domin mutanen sun ɗauka su ne ba su iya ba. Abin da ban zana ba kawai shi ne siffar da za ta ce "ana aikawa", ta kuma ƙi karɓar danni na biyu.

Tun 1993 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya fayyace iyakokin haƙurin mai amfani da kwamfuta. Amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jinta nan take. Zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katse ba. Idan aka kai daƙiƙa goma, hankalinsa ya koma wani wuri. Duk abin da ke faruwa a wannan tsakani, mai zane ne ya kamata ya yanke yadda zai bayyana, ba mai rubuta manhaja ya yi ta kintace da tsakar dare ba.

Kuma kayan aikin ba su rage mu da komai ba. Tun 2008 Microsoft ta sa hanyar tsara yanayin maɓalli a manhajarta ta zane, Expression Blend. A 2020 Figma ta kawo abin da ta kira Variants, inda kake haɗa duk siffofin maɓalli ɗaya wuri guda, ka ba kowace suna. Yadda nake yi yanzu, ba na barin maɓalli sai na zana shi yana zaune, an danna shi, an kashe shi, yana jira, da kuma lokacin da mai amfani da allon madannai ya iso kansa da madannin Tab. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, ga shi kuwa akwai waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta sam. Siffar da ke fitowa idan linzami ya hau maɓalli tana da kyau, amma kada a ɓoye muhimmin bayani a cikinta, tunda waya da yatsa ake taɓa ta.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne shafin da babu komai a ciki da shafin kuskure. Wanda ya buɗe manhaja ranar farko ba shi da saƙo ko ɗaya, ba shi da tarihi. Idan farin allo ya tarar, zai zaci ta lalace. A gaya masa abin da zai fara yi. Idan kuma ya cika fom ba daidai ba, jan layi kaɗai bai wadatar ba, domin kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launuka, galibi ja da kore. A rubuta masa wane gurbi ne, me ya sa, yaya zai gyara, kuma don Allah kada a goge masa abin da ya riga ya cika. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, ma sun ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, don haka saƙon kuskure mai dishi-dishi ba shi da amfani.

Sai a zauna da mai rubuta manhajar a daidaita sunayen yanayin, yadda sunan da ke cikin zane zai zama shi ne a cikin manhajar.

Roƙona ga malaman da ke koyar da wannan sana'a: idan ɗalibi ya kawo shafi, a tambaye shi yadda zai kasance idan intanet ta yanke ana tsakiyar aikawa. In bai zana ba, a mayar masa ya ƙarasa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Mai zana fuskar manhaja