Zuwa ga abokan cinikinmu: batun kwamfutocin da ake dawo mana da su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, malamanmu, ɗalibai, da 'yan'uwa masu shagunan buga takardu, muna gaishe ku, da fatan iyali suna lafiya.

Maganar da ake yi a gari ta iso mu. Wasu sun aiko, wasu sun zo shago sun faɗa mana baki da baki: an kawo kwamfuta, mun canza mata had-dis (faifan da ke ajiye bayanai), mun ɗora Windows, an biya, ba a jima ba ta koma gidan jiya. Har an ce wai da gangan muke barin ciwo a ciki don a dawo a sake biya. Wannan ta ƙarshen ta yi mana zafi ƙwarai. Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da mu ya san ba da irin wannan muka zauna a Katsina ba. Shi ya sa muka ga gara mu rubuta, mu bayyana inda matsalar ta samo asali da yadda ciwon yake.

Mu ba ƙera had-dis muke yi ba, saro shi muke yi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya tashi. Idan muka faɗi kuɗin sabo dal a kwali, akasarin mutane sai su ce a sa na hannu, mai 500GB ko 1TB, kuma ba mu ga laifinsu ba. Na hannun nan daga wani dila a Legas yake zuwa mana, mutumin da muka daɗe muna ciniki da shi. Kowane had-dis yana da lissafin lafiyarsa da yake rubutawa da kansa, wanda ake kira S.M.A.R.T., kuma ba ma sa faifai a kwamfutar kowa sai mun karanta shi da manhajar CrystalDiskInfo, mai nuna lafiyarsa da kala. Shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja ya gama. Kayan da suka jawo mana wannan magana duk shuɗi suka nuna, awannin aikinsu kuma kaɗan. Abin da ya bayyana daga baya shi ne an goge lissafin kafin su iso mu, kamar yadda ake mayar da mitar mota baya kafin a kai ta kasuwa. Faifan da takardar bayansa ke nuna an ƙera shi shekaru da yawa da suka wuce, haƙoran mahaɗinsa sun sha gogayya, ramukan kusoshinsa sun cinye, amma yana cewa bai yi aikin wata ɗaya ba.

Gwajin da ke tona irin wannan shi ne a karanta faifan daga farkonsa har ƙarshe, kuma mai 1TB yana cin wajen awa uku ko fiye, ba tare da wuta ta yanke ba. Kun san halin wuta a garin nan. In ta ɗauke a tsakiya sai janareta, litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ga mai kwamfuta a tsaye yana jira, gobe zai miƙa aiki. Ba mu ƙara muku kuɗin aiki daidai da yadda mai ya ƙaru ba, wannan kowa shaida ne.

Yanzu ga ciwon kansa, domin a nan ne aka fi yi mana rashin fahimta.

A cikin had-dis akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, wasu 7,200, da wani ɗan hannu mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. An raba fuskar faifan zuwa ƙananan gurabe, kowanne na ɗaukar bayit 512, a sababbin faifai 4,096. Idan gurbi ya ƙi karantuwa, faifan ba ya yanke masa hukunci nan take, sai ya sa shi a jerin jira. Wannan shi ne layin C5 a CrystalDiskInfo. Ranar da aka sake rubutu a kansa, in ya karɓa a cire shi daga jerin, in ya ƙi a rufe shi a ba da madadinsa daga guraben da kamfani ya ware, sai adadin da ke layin 05 ya ƙaru. Layin C6 kuma na nuna waɗanda karatunsu ya gagara gaba ɗaya. Adadin gaskiya yana can ƙarshen layi ta dama, kuma faifai mai lafiya sifili yake nunawa a duka ukun.

To, a nan fomatin yake yaudarar mutane. Idan aka goge komai aka ɗora sabuwar Windows, an yi rubutu a kan guraben da ke jira, faifan ya musanya su, fayilolin Windows sun sauka a wuri mai kyau. Kwamfuta ta tashi garau, mai ita ya tafi yana sa albarka. Amma fuskar faifan da ta fara lalacewa ba ta warkewa, ɓarnar yaɗuwa take yi. Bayan 'yan makonni wani gurbin ya mutu a ƙarƙashin fayil ɗin da Windows ke buƙata wajen tashi, sai ga shuɗin allo, ko ta tsaya tana ta maimaita "Preparing Automatic Repair". Ko sau goma aka yi fomatin, haka za ta riƙa yi, kuma tazarar sai raguwa. Wanda ya ce muku zai gyara irin wannan da fomatin kaɗai, ku tambaye shi me C5 ya nuna.

Alamomin da za ku lura da su: kwamfuta ta daskare na ɗan lokaci sannan ta sake, Task Manager na nuna faifai a kashi 100 alhali ba a aikin komai, kwafin fayil ya tsaya a wuri ɗaya kullum, ko ta riƙa duba faifai duk lokacin da aka kunna. HP kan nuna lamba 301 idan faifan ya yi gargaɗi, Dell kuma 2000-0142 a gwajinta. In kun ji ƙarar ƙas-ƙas tana maimaituwa daga ciki, ku kashe nan take, kada ku sake kunnawa "don a gani". Hannun karatun ne ke kai-komo ya kasa samun wurinsa, kuma kowace kunnawa na iya ƙara karce faifan.

Sai dai ba kowace kwamfutar da ta dawo ba ce laifin had-dis, kuma muna roƙon a yi mana adalci a nan. Idan layin C7 ne ke hawa, sauran suna sifili, wayar da ta haɗa faifan da madabod (babban allon cikin kwamfuta) ce ko mahaɗinta ya saki. A canza waya, an gama. Saƙon 3F0 a HP cewa kawai yake ba a ga abin da za a tashi da shi ba, sau da yawa faifan ne ya goce daga mazauninsa. Ƙaramin batirin madabod, CR2032 mai bolt 3 a yawancin desktof, in ya mutu agogo ya rikice, saitin BIOS (tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows) ya koma na asali, kuma in saitin yadda kwamfuta ke magana da faifai ya sauya daga AHCI zuwa wani, Windows za ta ƙi tashi alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) mai ciwo ma na lalata fayiloli a hankali, a ɗora wa had-dis laifi; manhajar gwajin ram, MemTest86, ke raba gardama. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a inuwa, a ɗora laftof kan katifa ko kafet. Faifan da ke zama sama da digiri 50 kullum yana cikin wahala. Ga kuma wanda zai rufe murfi ya jefa ta jaka ya hau babur tun faifan bai tsaya ba. Desktof da ba UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke), ko laftof mai mataccen batir, duk ɗauke wuta yana iya yanke ta a tsakiyar rubutu, tsarin fayiloli ya lalace.

Ga tsarin da gyara na gaskiya ke bi, don ku san abin da za ku nema, a wurinmu ko a wani wuri.

Bayananku ne farko. Ba a gudanar da chkdsk /r (umarnin Windows na duba faifai) a kan faifan da ake zargi kafin a kwashe kaya, domin awanni yake yi yana matsa wa guraben da suka raunana, kuma faifai da yawa a nan suke mutuwa. In kwafi na yau da kullum ya ƙi, ana tashin kwamfutar da filash mai Linux a yi amfani da ddrescue, shirin ceto bayanai, wanda ke fara kwashe wurare masu kyau, ya tsallake marasa kyau, ya dawo musu daga baya, yana ajiye taswirar inda ya tsaya ko da wuta ta ɗauke. Dole faifan da za a kwafa a kai ya kai girman na farko ko ya fi. Idan an kulle faifan da BitLocker, makullin bayanai na Windows, sai da mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. In babu shi, babu mai gyaran da zai buɗe, mu ma haka.

Sai an tabbatar faifan lafiya yake sannan a taɓa Windows. A buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a fara da chkdsk C: /f. Daga nan DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke bukatar intanet, sannan sfc /scannow. Jerin yana da dalili: sfc daga rumbun Windows yake ɗauko fayilolin da zai maye gurbin lalatattu da su, in rumbun kansa ya lalace sai DISM ya gyara shi tukuna.

In ba ta tashi sam, sai filash mai aƙalla 8GB da aka ɗora wa Windows, a shiga sashen gyara maimakon ɗorawa. A kula, a can harafin faifan kan canza, C: ta zama D: ko E:, sai a duba da dir kafin a rubuta komai. Tsofaffin kwamfutoci masu tsarin MBR ana yi musu bootrec /fixmbr, da /fixboot, da /rebuildbcd. Masu sabon tsarin UEFI kuwa /fixboot kan ce ba izini, ba abin tsoro ba ne. Bcdboot C:\Windows ke sake gina fayilolin tashi. Idan Windows na buɗewa amma tana tangal-tangal, akwai hanyar da ba a cika gaya wa mutane ba: a buɗe setup.exe daga cikin Windows ɗin kanta, a zaɓi barin fayiloli da manhajoji. Za ta sabunta kanta ba a rasa komai ba, muddin nau'in Windows ɗin da harshenta sun dace da wadda ke kai. Goge komai shi ne matakin ƙarshe.

Shawararmu ga mai hali ita ce SSD, sabuwar irin ma'ajiya da ke maye gurbin had-dis, ko da mai 256GB ne. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, girgizar hanya ba ta dame shi ba, kuma tsohuwar laftof kan farfaɗo da shi. Amma shi ma akwai jabu a kasuwa, kuma in zai mutu ba ya ƙara ba ya sallama, don haka takardu masu muhimmanci su kasance a wuri biyu. Ku kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, galibi firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) zubi na 8 zuwa sama. Yawancin laftof na hannu da ke garin nan ba su kai ba, kuma ba mu muka tsara haka ba.

Game da abin da muke yi, muna kan magana da dilan, kuma ba mu yi shiru ba. Akwai gyare-gyare da muke shiryawa kan yadda kaya ke shigo mana, za ku ji su in sun kankama. Duk wanda abin ya shafa za mu zauna da shi mu duba lamarinsa, mu ga abin da ya dace, in sha Allahu ba za a rabu da ɓacin rai ba.

Ba za mu rufe ba sai mun gode. Alhajinmu mai shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura, wanda duk injinan shagonsa ta hannunmu suka bi, da ya ji maganar sai ya kira mu ya tambaya kafin ya yarda, Allah ya saka da alheri. Hajiya mai makaranta, da ta damƙa mana sakamakon jarrabawar ɗalibanta shekara da shekaru ba ta taɓa tsayawa a kanmu ba. Malamanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman Katsina da ke turo mana ɗalibansu lokacin rubuta kundin kammala karatu. 'Yan'uwanmu na Daura, Mani da Jibiya da ke ba direba laftof a tasha, su bugo waya kawai. Wasunku mun gyara wa iyayensu, yanzu su muke gyara wa. Ba ma son mu rasa ko ɗaya daga cikinku a kan kayan da ba mu muka ɓata ba.

Wanda muka sa wa had-dis na hannu kuma yake ganin ɗaya daga alamomin nan, don Allah ya kashe kwamfutar, kada ya kai a yi mata fomatin, ya kawo ta da cajarta da rasit in yana nan. In ma ba ta nuna komai ba, a kawo mu karanta lissafin a gaban mai ita, ya ga layukan 05, C5 da C6 da idonsa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Masu shago da ma'aikata,
Katsina.