Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Iyayen Yara Kurame

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye.

Babban abin da ya ci ƙarfin ƙungiya a bana shi ne ilimantar da kanmu kan abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar yaron da aka haifa kurma. Mun fara ne ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, da laccar wata likitar kunne da muka gayyata.

Ta bayyana mana cewa sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar sauti, wanda ke daura da kunne, ba ya zaman banza don sauti bai iso ba. Yakan ƙarfafa alaƙarsa da sassan gani da na taɓawa, ya kama musu aiki. A 2001 masu bincike a Amurka sun nuna motsin da ido ya gani yana tayar da wannan sashe a kan kurame. A 2010 kuma Stephen Lomber da abokan aikinsa a Kanada sun gwada kyanwoyin da aka haifa kurame, suka tarar sun fi masu ji saurin hango abu ta gefen ido. Da aka sanyaya wani yanki na sashen ji na ɗan lokaci, sai fifikon ya ɓace. Iyaye da dama suka ce lallai haka ne, ɗansu kan riga kowa ganin mai shigowa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne batun harshe. Maganar hannu tana bin cibiyoyin harshe na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, waɗanda Hausar baki ke bi. Jaririn da ya tashi cikin masu maganar hannu har gwalantu yake yi da yatsunsa, kamar yadda binciken Laura Petitto ya nuna a 1991. Amma waɗannan hanyoyi a shekarun farko suke ƙulluwa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, shi ya sa yaro kan kai shekarun shiga makaranta babu cikakken harshe ko ɗaya. Wannan ne ke cutar da shi fiye da kurumtar kanta.

Saboda haka muka buɗe ajin maganar hannu na ranar Asabar, manyan kurame ne malamanmu. Iyaye mata sun yi ƙoƙari ƙwarai, Allah Ya saka musu. Iyaye maza kuwa, gaskiya zuwanku bai gamsar da kwamiti ba, alhali yaro na buƙatar hira da mahaifinsa.

Mun zaga wajen ungozomomi da ɗakunan awo da saƙo guda: a gwada jin jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Masu tambayar dashen na'urar ji, wadda ake sa wa cikin kunne ta hanyar tiyata, mun shaida musu ya fi amfani kafin shekara uku da rabi, yana da tsada, kuma bai hana koyon maganar hannu ba.

Ranar 23 ga Satumba yaranmu sun gabatar da wasan kwaikwayo don Ranar Harsunan Hannu ta Duniya.

Kuɗin shiga bai wuce na wata-wata da gudummawar 'yan uwa ba, akasarinsa ya tafi a kuɗin motar malamai. Ma'aji zai karanta dalla-dalla a babban taro. A 2025 muna son kai ajin cikin unguwanni, mu fara da gidajen da ke da jarirai. Mai zauren da zai ba mu aro ya sanar da kwamiti.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya