Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin tafiya karatu Ingila

Assalamu alaikum, Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Na ga takardar gurbin digiri na biyu da suka turo maka, Allah ya sanya alheri. Tunda ka ce in faɗa maka gaskiyar lamarin, zan fara da kuɗi, don a nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Takardar da ke hannunka ba ta isa neman biza ba. Sai ka biya kafin alƙalami daga cikin kuɗin makaranta, sannan jami'a ta fitar maka da lambar CAS, wato shaidar cewa ta karɓe ka karatu, wadda ake neman biza da ita. Bayan nan za ka nuna cewa a asusunka akwai ragowar kuɗin makarantar, da kuma kuɗin zama na wata 9. Daga Nuwamban 2025, lissafinsu fam 1,171 ne a wata idan garin ba Landan ba ne, wato fam 10,539; a Landan kuwa fam 1,529 a wata. Dole kuɗin su kwana 28 a jere ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini guda, kuma ranar ƙarshe a takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ka shigar da neman biza. Ga inda ake shan mamaki: idan da naira ka ajiye, da canjin ranar da ka nema za su lissafa. Mutum ya ajiye daidai wa daida, naira ta ɗan zame, a hana shi. Ka ɗora wani abu a kai. Asusun ya zama naka ko na mahaifi ko mahaifiya. Na kawu ba ya shiga, komai arzikinsa.

Akwai kuɗin lafiya fam 776 a shekara, amma da yake bizar kan zarce shekara da 'yan watanni, yawanci fam 1,164 za ka biya. Gwajin tarin fuka kuma sai a cibiyar da suka amince da ita, kamar ta Abuja ko ta Legas, takardarsa wata 6 take aiki. Uwargida da yara kuwa, tun Janairun 2024 an hana masu irin kwas ɗinka zuwa da iyali, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Gara ta ji daga bakinka tun yanzu.

To sai babbar maganar. Na san za a ce maka, "Kai dai ka shiga, aiki zai biya sauran." Kada ka yarda. Awa 20 doka ta ba ka a mako lokacin karatu, daga Litinin zuwa Lahadi, kuma ba a yin rance daga wani makon. A mafi ƙarancin albashin Afrilun 2025, fam 12.21 a awa, abin da za ka haɗa bai wuce fam 1,050 da ɗoriya a wata ba. Cire kuɗin ɗaki, abinci, mota da waya, ka ga abin da ya rage. Hakan ma idan ka samu aikin da wuri ke nan. Bazara kuma ba hutu ba ce gare ka, domin lokacin kake rubuta kundin bincikenka, don haka a yawancin jami'o'i awa 20 ɗin na nan daram. Aikin kai da kai, irin su kai abinci gida gida da keke, haramun ne a bizarka. Idan ka kasa biyan kashi na biyu na kuɗin makaranta, za su rufe maka shafin karatu, su janye tsaya maka da suka yi a kan bizarka, hukumar shige da fice ta rage bizarka, galibi zuwa kwana 60. Haka ya faru da ɗalibanmu da dama a 2024, lokacin da fam ya haura naira 2,000.

Karatun kansa ba irin namu ba ne. Shiga aji kaɗan ne, karatun ɗakin littattafai ne da yawa, kuma ana ɗaukar sunan wanda ya zo. Maki 50 ne cin jarrabawa, 60 ya yi kyau, 70 ne zarra, saboda haka kada 62 ta kashe maka gwiwa. Malami ba ya son ka maido masa abin da ya faɗa. So yake ka kawo ra'ayi biyu, ka auna, ka tsaya a kan ɗaya da hujja. Duk jimlar da ka ɗauko, ka faɗi mai ita. Ana zuba aikinka a manhajar Turnitin mai gano kwafen aikin wani, kuma ba sa jin "ban sani ba".

Wajen gida, kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton ɗaki. Kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa kafin ka shiga a Ingila ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya. Ka karɓi takardar shaidar ɗalibta don a yafe maka harajin ƙaramar hukuma, ka kuma yi rajista da likitan unguwa a makon farko, tun kana lafiya.

Rigar sanyi ka saya a can, ta gida ba ta tare ruwa. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar, La'asar da Magariba duk su matse cikin awa 4, don haka ka nemi ɗakin sallar jami'a ranar da ka isa. Yaji, kuka da kuɓewa busasshiya za su yi maka rana, amma kilishi ka bar shi a gida, ba a shiga da nama.

Ka turo min sunan garin da ranar biyan kashi na biyu, mu yi lissafin tare kafin ka sayar da filin nan. A gaishe min da Baba da Hajiya.

Naka har kullum,
Amininka