Godiya ga Hajiya mai shagon kayan jarirai a Kasuwar Dole

Assalamu alaikum Hajiya, ke da ƴan matan da ke taya ki tsaron shago.

Na rubuto a fili ne don matan Damagaram su ji, domin ba kowane ɗan kasuwa ke ajiye ciniki ya tsaya yin bayani ba. Duk wadda ta zo sayen famfas wurinku, tambayar farko ita ce kilo nawa ne yaron, ba watanninsa ba. Lambar da ke jikin leda da nauyi take tafiya. Ƙarami ya cika da wuri, babba kuma ya bar ƙofa a cinya, uwa ta yi ta zargin kamfani a banza.

Ranar da na zo yi wa jikata sayayya, kin ɓarke guda cikin naki, kin juye masa kofin ruwa, kin ce in taɓa. Saman a bushe. Da kika yage cikin, sai ga ƴan ƙwayoyi farare gauraye da abu mai laushi, sun sha ruwa sun kumbura kamar kunun da ya kwana. Su ne sinadarin da ake kira sodium polyacrylate, ko an zauna a kansu ba sa sakin abin da suka sha. Bayan kuma siririyar leda ce. Abin da ya fi amfanar mu shi ne ƴar tattarar robar nan ta gefen cinya: in an ɗaura, sai a bi da yatsa a fito da ita, don in ta lanƙwashe ciki, fitsari ta nan zai bi har zanen goyo. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, rage wanki ba ƙaramin taimako ba ne.

Sai layin rawaya na tsakiya, wanda ke komawa shuɗi in danshi ya taɓa shi. Yanzu ɗiyata da dare tocila kawai take haskawa, ba sai ta tashi yarinya ba. Kuma kin faɗi gaskiya ko da ba ta ƙara miki riba: layin bai san kashi ba, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, kada a jira ya cika, in ba haka ba ƙuraje su feso.

Roƙona ɗaya, ki riƙa kawo ƙananan ƙunshi saboda masu ƙaramin ƙarfi. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Taki,
Wata kaka daga unguwar Birni